Sanadin Mutuwa

A ɗakin shan maganinmu na Martissant
akwai wani littafi mai baƙin bango,
ni ke cika shi in gari ya waye.
Suna. Shekaru. Unguwa.
Sai wani ɗan gurbi a can ƙarshe,
faɗinsa bai kai yatsa biyu ba:
sanadin mutuwa.

Ran Litinin na rubuta: Jonel, shekara huɗu, kwalara.
Alƙalami bai yi gardama ba.
Hannuna ne ya yi nauyi.

Don ba kwalara ce ta tare motar ruwa
kwana tara a bakin gada ba.
Ba ita ta jera tayoyi ta cinna musu wuta ba,
ba ita ta yanka wa kowace jarka haraji ba,
har Wideline ta ɗauki bokiti ta gangara kwata,
ta tace ruwan da gefen siket ɗinta,
ta ce Allah ya tsare.

Da yamma cikin yaron ya tsinke.
Daga ƙofarsu zuwa tamu tafiyar minti ashirin ce,
na sha yin ta da takalmi mai tsini.
Ita awa goma sha ɗaya ta yi.
Ta kwana a bayan wata ƙonanniyar mota,
harsasai na wucewa kamar an taɓo gidan rina,
yaron na tsiyaye mata a ƙirji.
Da ta miƙo min shi ba nauyi,
sai ka ce ƙwaryar da aka juye.
Na nemi jijiya a hannu, a ƙafa, a ka.
Ledar ƙarin ruwa na rataye, cike, tana jira.

Gishiri, sukari, ruwa mai tsabta.
Abin da zai riƙe shi ke nan.
Ko kuɗin harsashi ɗaya bai kai ba.

Likita Dorvil ya ce, Guerline,
amsa abin da takarda ta tambaye ki,
masu ƙidaya ba su bar wa bindiga layi a shafin zawo ba.
Harbi littafinsa daban, ja.
Na fyaɗe yana aljihun tebur, an sa masa kwaɗo.
Kamar ba mace ɗaya ce ke shiga duka ukun ba.

Bayan sati biyu aka turo Fritznel a baro.
Kowa ya san shi.
Shi ke zama kan buhunan yashi a bakin gada,
gemu ma bai gama yanke shawarar fito masa ba.
Idanu sun faɗa rami,
fata in ka tsunkula sai ta tsaya a tsaye.
Shi ma kwatar ya sha.
Ashe mai tare ruwa ma yana jin ƙishi.
Muka kwantar da shi kan gadon nan mai huda a tsakiya,
wanda Jonel bai kai ga ɗumama ba.

Wideline ce ke wanke mana bokitai yanzu,
ta ce gida ya yi mata shiru da yawa.
Ta zo ta tsaya a kansa.
Ni dai numfashina ya ɗauke.
Ta dama gishiri da sukari,
ta ajiye kofin a ƙasa, daidai inda hannunsa zai kai.
Ba ta kai masa baki ba.
Ba ta kuma zubar ba.
Ta ɗauki bokitinsa ta fita.

Kwana uku ya miƙe da ƙafarsa.
Ban sani ba ko ya koma gada.
Motar ruwa dai har yau shiru.

In janareta ya mutu da dare
sai in kunna kyandir, in buɗe baƙin littafi,
in ɗauki fensir, tunda tawada ta hukuma ce,
in bi gefen shafi da ƙananan baƙaƙe:
wannan, hanya.
Wannan, gada.
Wannan, tsoron buɗe ƙofa.
Wannan ta zo da wuri, mu ne ba mu da allura.

Gefen ya kusa cika.
Gobe sai bango.